Filin Lafiya: Maganin Ciwon Sukari Ba Kayan Koli Ba Ne

Da can, cewa ake yi ciwon sukari na masu kuɗin birni ne. Yanzu ya shigo ƙauye. Yana kama manomi, yana kama makiyayi. Alamunsa su ne yawan ƙishirwa, yawan fitsari har cikin dare, rama, kasala, da miki wanda ya ƙi warkewa. Amma alama ba ta isa shaida ba. Sai an auna jini a gidan likita.

Ran kasuwa, a Hawandawaki da sauran garuruwan Tasawa da Mayahi, akwai masu baza ƙwayoyi a faifai, rana na dukansu. Mai wannan talla bai yi karatun magani ba. Bai san abin da ke cikin jinin mai saye ba. Wasu ƙwayoyin ma jabu ne. Araha ba ta ado.

Sanin magani sana'a ce mai dogon karatu. A Yamai, Jami'ar Abdu Mumuni tana horar da malaman farmasi, shekara da shekaru. A Amurka, bayan an ba su takardar shaida, wasu sukan ƙara shekara 1 ko 2 cikin asibiti, suna koyon aiki a gaban manya, kusa da marasa lafiya, har da masu ciwon sukari. Dalili kuwa, maganin nan yana da awo. In ya yi kaɗan, ciwon ya ci ido da ƙoda da ƙafa a ɓoye. In ya yi yawa, ya kayar da mutum nan take.

Ga misali. Akwai ƙwaya mai suna gilibenkilamid. Tana saukar da sukarin jini, ko an ci abinci ko ba a ci ba. In manomi ya sha ta da asuba, ya tafi gona bai karya kumallo ba, sai zufa ta keto masa, jiki ya yi rawa, ido ya yi duhu. Mutane su ce iskoki ne. Ba iskoki ba ne, sukarin jini ne ya faɗi. In yana iya haɗiya, a jiƙa ƙwayar sukari 3 a ruwa ya sha, sannan ya ci abinci. In ya suma, kada a ɗura masa komai. A kai shi gidan likita maza. Makiyayi mai shan wannan magani ya riƙa yawo da sukari a aljihu.

Wasu kuma allurar insulin ake rubuta musu. A Toronto, ƙasar Kanada, aka gano ta a 1921, aka fara yi wa mutum a 1922. Zafi yana kashe ƙarfinta. Inda babu firiji, a ƙulle kwalbar cikin leda, a sa ta a ƙaramar tukunyar ƙasa. A sa wannan cikin babbar tukunya, a zuba jiƙaƙƙen rairayi tsakani, a ajiye a inuwa.

Mata su yi hattara da ƙwayar ƙiba ta kasuwa. Akwai mai deksametazon a ciki, shi kuwa yana tayar da sukarin jini.

Mai karɓar magani a gidan likita ko a farmasi ya yi tambaya uku kafin ya fita. Guda nawa? Wane lokaci? Kafin abinci ko bayansa? Wanda zai yi azumin Ramalana ya je tun cikin Sha'aban a gyara masa awo. Kada a ari maganin maƙwabci. Kada a bar sha don jiki ya yi sauƙi, domin ciwon yana nan kwance. Matambayi ba ya ɓata.