Yaron da ya buɗe rediyon kakansa

Makon jiya wani magidanci ya tare ni a bakin makaranta bayan an tashi, ransa a ɓace. Ɗansa yana ajina, shekararsa 15. Ya ce: «Mushe, yaron nan naka zai halaka kansa. Na iske shi ya kwance bayan rediyon tsohona, wanda ke ajiye tun kafin a haife shi, yana neman ya jona shi da kuran.» Da na tambayi yaron, sai ya nuna mini abin da ya ɗauke masa hankali a salula: waɗansu mutane a Turai da Japan suna harhaɗa ampili da hannunsu, da ƴan kwalabe masu ja kamar garwashi, su cire wannan su sa waccan, su saurara suna gyaɗa kai. Ya leƙa rediyon kakansa, ya ga irin kwalaben, shi ke nan.

Uban yana so in tsawata masa. Na tsawata, amma a kan jona wuta kaɗai. Buɗewar da ya yi kuwa, da so samu ne da dukan ajin sun yi irinta.

Kwalbar nan, wadda tsofaffin masu gyaran rediyo ke kira lamp, gilashi ne da aka zuƙe iskar cikinsa. A tsakiya akwai wani siririn ƙarfe da ake gasawa da wuta ƴar kaɗan, galibi volt 6,3, har ya riƙa sakin elektron. A gefe akwai faranti da aka ɗora wa wuta mai ƙarfi, volt 250 ko fiye, yana janyo su. Tsakanin biyun an naɗa raga ta siririyar waya. Raunanniyar muryar da ta shigo, a kan ragar take sauka, ragar kuma ita ke buɗe hanya ko ta tsuke ta, kamar mai tsaron bakin rariya a lambu: da motsin hannu kaɗan yake sarrafa ruwa mai yawa. Ƙara ƙarfin sauti ke nan gaba ɗayansa. John Ambrose Fleming ne ya yi ta farko a Ingila a 1904, ba raga. Lee de Forest ya ƙara ragar a Amurka a 1906. Da aka ƙirƙiro tiranzisto a 1947, sannu a hankali ya ture ta.

Shekara da shekaru ina zana elektron da alli, yara suna kwafa, suna haddacewa, suna mantawa bayan jarrabawa. Tiranzisto baƙin ɗigo ne, ko ka fasa shi ba ka ganin kome. Kwalba kuwa ka ɗaga ta a rana, ga faranti, ga wayoyin da ke riƙe da shi, ga wani tabo mai ƙyalli kamar azurfa a jikin gilashin, wanda aikinsa shanye ragowar iska. In iska ta shiga, tabon ya koma fari fat, ka san kwalba ta mutu. Gani ya kori ji. Wanda ya ce ai wannan tsohon yayi ne, ya tuna na'urar hoton ƙashi ta asibiti har gobe da kwalba irin wannan dangi take aiki.

A ƙasashen da abin ya samo asali, harhaɗa ampili a gida tsohuwar al'ada ce. A 1947 mujallar Wireless World ta Ingila ta buga zanen wani ampili na D. T. N. Williamson, mutane suka yi ta ƙera shi a gidajensu. Kamfanin Mullard ma ya riƙa fitar da zane-zane don a sayi kwalabensa. Ƙaramin ampilin jita na Fender Champ, mai kwalba uku da wat 5, har yau ana kwaikwayonsa saboda sauƙinsa. Duk wannan ina yaba shi.

Inda nake ja da baya shi ne gasar tsofaffin kwalabe, wadda ita ce ta fi cika hotunan da yaranmu ke kallo. Ɗauki kwalbar da Amurkawa ke kira 12AX7, Turawan Turai kuma ECC83. Abu ɗaya ne, suna biyu. Masu sha'awa suna farautar wadda masana'antar Mullard ta Blackburn ta yi, ko ta Telefunken ta Jamus mai alamar lu'ulu'u a gindin gilashi, ko ta RCA, suna biyan ninkin ba ninkin kuɗin sabuwa. Wannan ya ce muryarta da ɗumi, wancan ya ce tasa ta fi zaƙi. Na yarda da tsohuwar zuma ake magani, kuma akwai bambancin da ma'auni ke nunawa: wata ta gaji, wata tana huci, wata in ka ƙwanƙwasa ta sai ka ji ƙarar a lasifika. Amma mutumin da ya biya kuɗi mai yawa, kuma yana kallon sunan da ke jikin kwalba, kunnensa ba shaida ba ne. Sunan ma ba ya faɗin gaskiya kullum. Tun a da, kamfanoni suna sayen kwalaben juna su buga tambarinsu. Sababbin da ke ɗauke da sunan Mullard yau a Saratov ta Rasha ake yin su. Masana'antun da suka rage ƴan ƙalilan ne, irin su wannan da JJ ta Silobakiya, shi ya sa da yaƙin Yukiren ya tashi a 2022 kasuwar ta ruɗe, farashi ya yi sama.

Yaron da ke Maraɗi ko Tawa ba shi da abin yi da wannan gasa, sai dai darasi guda da malami zai iya cirowa daga cikinta kyauta. A sa labule, a kunna waƙa ɗaya da lasifika biyu, wanda ke sauya su kada ya yi magana, ƴan aji su rubuta wanda suka ji ya fi, a maimaita sau goma, a ƙirga. Ranar da na gwada, waɗanda suka rantse sun gane mai tsadar sun rabu kusan biyu. In kwatanta kwalabe ake so, wanda ke da ma'ana shi ne na iri da iri: 12AX7 tana iya ninka sigina har sau 100, 12AT7 sau 60, 12AU7 ba ta wuce 20 ba, alhali ƙafafunsu iri ɗaya ne. Wannan lissafi ne da yaro zai iya aunawa.

Yanzu ga inda uban yaron ke da gaskiya, kuma ina roƙon iyaye su riƙe shi da kyau. Wutar da ke cikin ampilin kwalba tana kisa. Cire fulogi ba ya kawar da haɗarin, domin kondansatar na riƙe wuta bayan an kashe. Waɗansu tsofaffin rediyoyi ba su da taransifoma, ƙarfen jikinsu kai tsaye yake haɗe da volt 220 na gida. Ƙara da cewa gidajenmu da yawa ba su da wayar ƙasa, yaro kuma ba takalmi, hannu da gumi. Rediyon da ya shekara arba'in a ajiye ba a jona shi haka kawai, ko babba ne. Ga kuma cin wuta: kwalbar EL84 tana ƙone kusan wat 5 wajen gasa kanta kaɗai kafin ta ba da sautin da bai fi haka da yawa ba. Gidan da ke lallaɓa batir da fanon sola ba zai gode maka ba, balle a zafin Afrilu.

Saboda haka ga shawarata. Yaro ya fara da ɗan guntun LM386, wanda pil ɗin volt 9 ke tayarwa, da lasifikar mataccen rediyo. Zai koyi liƙa dalma da karanta zane, in ya yi kuskure ba abin da zai ƙone sai guntun. In ya ƙware, 12AU7 tana kamawa da batir ɗin volt 12, har ana yin ƙaramin ampilin kunne da ita ba tare da babbar wuta ba. Mai volt 250 sai gaban gwani. Gwanayen kuma suna nan cikin kasuwanninmu, tsofaffi, gyaran salula ya ƙwace musu ciniki, ba mai tambayarsu kome. Na san ajinmu ya cika ya batse, purogaram kuma ba ta jira. Amma yammacin Laraba ɗaya a wata, da kuɗin shayin mai gyara daga ƙungiyar iyaye, bai fi ƙarfinmu ba.

Na ce wa uban: «Alhaji, ka ba mu aron rediyon, wayar wutar kuma ka riƙe ta a wurinka.» Ya yi shiru, sannan ya ce to, amma a mayar masa da kowane kusa. Mun kai shi wurin wani dattijo mai gyara a bayan tasha. Kwalba biyar ya ciro ya jera a kan tsumma. Biyu tabonsu ya yi fari. Ya miƙa wa yaron ɗaya daga cikin matattun, ya ce ya je ya zano abin da ya gani a ciki ya kawo masa ranar Asabar.