Wai Zumunci A Sudan Ma Ya Zama Laifi?

Jama'a, ku taya ni duba wannan rainin hankali. Ɗan'uwanmu mai fasfon Ingila yana shiga Amurka kwana 90 ba biza, ESTA kawai zai cike a intanet. Amma bisa dokar 2015, in ya taka Sudan, Iraƙi, Iran ko Siriya daga 1 ga Maris 2011, shikenan, sai layin ofishin jakadanci. Wanda ya je gaida dangi a Maiwurno, ko ziyara Karbala, ya zama abin zargi. Sojan da gwamnatinsa ta tura Iraƙi da bindiga kuwa an yafe masa! Amurka da kanta ta cire Sudan daga jerin masu ɗaure wa ta'addanci gindi a 2020, amma har yau hatimin Khartum na hana mutane.