Yaran Sunke sun girma, wa ke bibiyar ƙwaƙwalwarsu?

A watan Maris na 2010 ne ƙungiyar likitoci ta MSF ta gano cewa yara na mutuwa fiye da kima a wasu ƙauyukan Anka da Bukkuyum. Daga baya aka tabbatar gubar dalma ce, daga duwatsun zinaren da ake dakawa ana niƙawa a tsakar gida. Sunke na cikin waɗannan ƙauyuka, tare da Dareta da Abare da 'Yar Galma da Bagega. Aƙalla yara 400 suka rasu. An kwashe gurɓatacciyar ƙasa, an ba dubban yara magani, sannan a 2022 MSF ta miƙa aikin ga gwamnatin jihar. Daga nan magana ta mutu.

To amma waɗanda suka tsira suna nan. Yaron da aka goya zuwa asibiti yana jijjiga ya zama saurayi, wata yarinyar ma tana ɗakin miji. Iyayen da suka shaƙi ƙurar a bakin injin niƙa da yawansu sun haura 40, wasu 50. A waɗannan shekaru ne cutar mantuwa mai zuwa da wuri ke fara bayyana.

Mu a nan gigin tsufa muka sani, na kaka mai shekara 80. Amma cutar na iya kama mutum tun kafin ya kai 65, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce irin waɗannan kan kai kashi 9 cikin 100 na masu ita. Ba iri ɗaya ba ce, hoton na'urar MRI ma yana nuna bambancin. A nau'in Alzheimer, wani ɗan sashe da ke can ciki daura da kunne, inda ake ajiye sababbin abubuwa, shi ke motsewa, sai mutum ya maimaita tambaya sau biyar. Idan cutar ta zo da wuri takan taɓa bayan ƙwaƙwalwa ma, mutum ya kasa lissafin kuɗi ko ya ɓata a hanyar gonarsa. Akwai nau'in da toshewar ƙananan jijiyoyin jini ke kawowa, wanda hawan jini da ciwon suga ke share wa hanya.

Wanda ya fi damun mu shi ne mai cin sashen goshi da gefen kai. Nan ne mazaunin kunya da haƙuri da tsara al'amura. Mai wannan nau'in da farko ba ya mantuwa sosai, halinsa ne ke sauyawa. Magidanci mai kamun kai ya fara ashar a gaban surukai, ya ɓarnatar da kuɗin taki, ya daina kula da iyalinsa. A gari sai a ce an yi masa sammu, ko aljanu ne, ko ya fara shaye-shaye. Aure ya mutu, wani har a sa masa mari, alhali nama ne ke zaizayewa a cikin kansa.

Ina dalma ta shigo? Wani bincike da aka wallafa a 2008 kan matasan birnin Cincinnati na Amurka ya gano cewa waɗanda dalma ta fi yawa a jininsu suna yara sun girma da raguwar ƙwaƙwalwa a sashen goshi, musamman maza. Wani kuma na Dunedin a New Zealand, da ya fito a 2020, ya duba 'yan shekara 45, ya samu cewa masu yawan dalma a ƙuruciya ɗan sashen nan na ajiya ya fi ƙanƙanta a kansu. Wannan ba ya nufin duk ɗan Sunke zai kamu da cutar mantuwa. Sai dai dalmar da aka auna a jinin yaran Zamfara ta ninka ta waɗancan sau da yawa, don haka bibiyarsu ta zama dole.

Muna kira ga Ma'aikatar Lafiya ta Jihar Zamfara ta ɗauko rajistar yaran da aka yi wa magani, ta nemo su, duk da cewa 'yan bindiga sun tarwatsa ƙauyuka da dama. Ba sai da MRI ake farawa ba. Ma'aikacin asibitin Anka ko Gummi ko Bukkuyum zai iya koyon gwajin tunani na 'yan mintuna, ya auna hawan jini, ya tambayi matar gida yaushe halin maigida ya sauya, sannan ya tura mai bukata zuwa Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Gusau, ko asibitin koyarwa na Sakkwato, ko na ƙwaƙwalwa da ke Kware.

Gwamnatin Tarayya kuma, da ta ɗage haramcin haƙar ma'adinai a jihar a Disamban 2024, ta tabbatar ba a sake kai dutsen zinare tsakar gida, kuma a riƙa auna jinin masu haƙa da masu niƙa a kai a kai.