Fartanyar Kaka Ce Ta Biya Kuɗin Makarantarmu



Cikin damunar da ta wuce kakarmu ta yi barci cikin Ubangiji a ƙauyenmu da ke kudancin Kaduna. Ba ta da takardar haihuwa. Abin da ta sani shi ne an haife ta lokacin da fara ta cinye gonaki, wato farkon shekarun 1930. Ke nan ta haura shekara 90 a duniya. Mun ga ya kamata mu faɗi wani abu a kanta, domin kusan kowane ɗalibi a nan yana da irinta a gida, kuma akwai laifin da muke yi wa irinsu wanda ya kamata mu tuba daga gare shi.

Bishara ta riga ta iso ƙasarmu kafin a haife ta, gama 'yan mishan na SIM sun zauna a Kwoi tun 1910, amma gidansu bai karɓa da wuri ba. Sai bayan ta yi aure ta ba da gaskiya, a shekarun da ECWA ta tsaya da ƙafarta, wajen 1954. Wannan tuba ya taɓa aljihunta. A lokacin, mace mai dafa burkutu ba ta rasa 'yan kuɗi, kuma mai kiran gayya da giya yake sallamar ma'aikata. Kaka ta kife tukwanen giya, ta koma dama kunu. Waɗansu maƙwabta suka ƙi zuwa gayyar gidan. Ita da mijinta suka duƙa su biyu, har Allah ya ƙara yawan masu bi, suka riƙa yi wa juna gayya. A ajin baftisma ta koyi karatu da Hausa, tana bin baƙaƙe da yatsa. Har ta tsufa ba ta iya rubuta wasiƙa ba, amma tana buɗe Zabura da kanta ba tare da an nuna mata wurin ba.

Ranarta takan fara tun zakara bai sauko ba. Mukan ji muryarta ta bayan zana tana addu'a, rabi da Hausa rabi da yarenmu, tana kiran sunayen 'ya'ya da jikoki ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya yi rashin ji a makon nan, sai ta daɗe a kan sunansa. Daga nan sai rafi, sai murhu, sai gona. Ta noma dawa, da acca, da gwaza, da gyaɗa, da citta. Wanda ya taɓa surfen acca ya san abin da muke nufi da aiki. Idan kaka ta yi aka kawo dawa gida, ba a sa ko dami ɗaya cikin rumbu sai ta ƙirga, ta ware na goma domin majami'a. Bayan zakka sai iri. Iri yana da nasa wuri a saman rumbu, kuma ko a farin 1973, lokacin da gidan ya koma cin abinci sau ɗaya a rana, ba ta yarda an taɓa shi ba.

Citta ita ce bankinta. Da hunturu za a tone, a tsattsaga, a shanya bisa dutse, a ɗura a buhu. Ba ta sayarwa da wuri, sai an kusa komawa makaranta. Da kuɗin citta ta karantar da mahaifinmu tun ana kashe fam da sule, da shi kuma ta tallafa mana mu jikoki bayan naira ta zo. Takardar shaidar malanta da muke cin abinci da ita yau, daga cikin buhunan nan ta fito.

To, ga inda laifin yake. Muna aji biyu a makarantar kwana, mu biyu jikokinta, sai ta zo ranar ziyara. Ta zo da kayan Zumuntar Mata, da kwandon gwaza da ƙullin gyaɗa, ƙafafunta duk faso. Iyayen waɗansu sun zo da motoci. Da muka hango ta bakin ƙofa, sai muka zame bayan ɗakin kwana, muka aiki wani yaro ya karɓo kwandon. Ta zauna ƙarƙashin mangwaro har la'asar, ta tashi ta tafi. Gwazar kuwa mun cinye ta tas. Da muka je hutu ba ta ce mana komai ba, sai dai da asuba mun ji ta daɗe a kan sunayenmu.

Ba za mu ɗora wa ƙuruciya kaɗai wannan laifi ba. Akwai abin da makaranta ta koya mana ba tare da an rubuta shi a allo ba. Ɗalibi ya makara, a ba shi fartanya. Ya yi surutu a aji, a tura shi gonar makaranta. Ya faɗi jarrabawa, malami ya ce masa, "Kai sai noma." Mu ma da muka zama malamai mun faɗi wannan magana da bakinmu. Yaron da ya shekara shida yana ganin fartanya a matsayin horo, yaya za a yi ya ga girman wadda ta shekara saba'in da ita a hannu?

Wani zai ce ai dalilin da ya sa iyaye suke kawo 'ya'yansu makaranta ke nan, don su huta da wahalar gona. Gaskiya ne, Kaka ma haka ta so. Ba mu ce wahala abin sha'awa ce ba. Mun ga yadda bayanta ya tanƙware, mun ga yadda 'yan kasuwa suka riƙa sayen cittarta da araha domin ba ta san farashin birni ba. Amma maganin wannan shi ne ilimi ya koma gona ya taimaka. A 2023 wata cuta ta faɗa wa citta a kudancin Kaduna, manoma da yawa suka rasa amfani har da iri. Ranar nan ƙauyuka sun nemi 'ya'yansu da suka karanta ilimin aikin gona, irin wanda ake koyarwa a Samaru ta Zariya, aka tarar yawancinmu mun guje wa wannan fanni tun daga aji uku. Hausawa sun ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi.

Ikkilisiya ma tana da nata rabon. Ranar jana'izar Kaka mun ɗinka anko, mun kafa rumfuna, mun buga hotonta a kalanda da bokitai. Abin da aka kashe a kwana biyu ya isa ya gyara rufin ɗakinta da ya yi shekaru yana yoyo, ya kuma saya mata tabarau tun lokacin da ta fara kasa ganin baƙaƙen Littafi Mai Tsarki. Umarnin girmama iyaye da ke cikin Fitowa sura 20, ga masu rai aka ba da shi. Manzo Bulus ma, da yake yabon bangaskiyar Timoti, sai da ya fara ambaton kakarsa Loyis.

Saboda haka muna roƙo. Mu malamai, mu daina horo da gonar makaranta. Mu mai da ita aji, mu shiga tare da ɗalibai, a auna abin da aka shuka da abin da aka girbe. Dattawan Ikkilisiya da Zumuntar Mata, ku ƙirga tsofaffin da ke kwana su kaɗai a ƙauyuka, a ziyarce su tun suna iya amsa gaisuwa. Ku kuma ɗalibai, wannan hutu ku ɗauki littafi da biro ku zauna kusa da kakanninku. Ku tambaye su yadda suka ba da gaskiya, da yadda ake ajiye iri, da yadda suka tsira a shekarun yunwa. Ku karanta musu Maganar Allah idan idonsu ya yi rauni. Idan kuwa suka zo ranar ziyara, ku tare su tun daga bakin ƙofa, ku karɓi kayan da ke kansu, ku kai su gaban abokanku ku ce, "Ga kakata."

Mu mun nemi gafarar Kaka bayan shekaru da yawa. Ta yi dariya ta ce, "Jikokina, ai na gan ku ranar nan. Gwazar dai ta yi daɗi?"

Allah ya ba mu zuciyar girmama su tun suna tare da mu. Amin.