Kafin ka ƙera jirgi, fara da allurar geji guda ɗaya

A shekarar 2007 wani ɗalibin kimiyyar fiziks a Jami'ar Bayero, Mubarak Muhammad Abdullahi, ya haɗa jirgi mai saukar ungulu a Kano da tarkacen motoci da babura. Injin Honda Civic ya saka masa, kuma jirgin ya ɗaga sama kimanin ƙafa 7. Jaridun duniya sun yayata labarin. Sai dai akwai abin da mutane ba su cika tunawa ba: jirgin ba shi da na'urorin auna tsayi da ƙarfin iska. Ƙarfe ya tashi, amma matuƙi ba shi da gejin da zai gaya masa halin da yake ciki.

Har yau haka muke. Kusan duk wata sai ka ga bidiyon wani matashi a TikTok ko Facebook ya ƙera jirgi da kwano ko kwali, a yi ta yi masa tafi, bayan kwana biyu a manta. Ba raina ƙoƙarinsu nake yi ba. Ra'ayina shi ne, matashin da ke Wurno ko Birnin Kudu ko Gwaram, mai waya a hannu da son jirgi a rai, ya fi masa riba ya bar gangar jiki ya fara da allurar geji guda ɗaya.

Ga abin da nake nufi. Akwai manhajojin kwaikwayon tuƙin jirgi irin su Microsoft Flight Simulator da X-Plane, da kuma FlightGear wadda kyauta ce. Masu sha'awar abin a ƙasashe da dama suna gina mazaunin matuƙi a ɗakinsu, su sa allurai na zahiri su riƙa motsi daidai da abin da ke faruwa a manhajar. Abin da ke juya allurar wani ɗan inji ne da ake kira sarbo. Wanda aka fi samu shi ne SG90, bai kai akwatin ashana girma ba. Wayoyi uku gare shi: biyu na wuta mai ƙarfin bolt 5, ɗaya na saƙo. Ba ya ta juyawa kamar fanka, kusurwar da aka umarce shi yake zuwa ya tsaya, tsakanin digiri 0 da kusan 180.

Mai ba shi umarnin ɗan allo ne mai suna Arduino. Manhajar jirgi ta ce tankin mai ya koma rabi, kwamfuta ta miƙa lambar ta kebul, Arduino ya mayar da ita digiri 90, sai ka ga allurar da ka yanka da kwali ta tsaya a tsakiya. Idan kana da Microsoft Flight Simulator ko X-Plane, manhajar MobiFlight ta kyauta tana haɗa wannan ba tare da ka rubuta lambobi masu yawa ba.

To me za a koya a nan da ba a koya a ƙera jirgin kwano? Awo. Allura ba ta san kunya ba. Idan lissafinka ya kuskure, za ta nuna tanki cike alhali mai ya ƙare. Idan wutarka ta yi rauni, za ta riƙa rawa har sai ka ba sarbon wutarsa daban, ka haɗa wayar ƙasa wuri guda da ta allon. Za kuma ka gano iyakar kayanka da kanka: sarbo ya dace da gejin mai, amma bai dace da gejin tsayi ba, domin allurar wannan tana zagayawa sau da yawa. A nan sai an koma ga wani inji da ake kira sitefa, irin wanda ke juya allurar maleji a motocin zamani. Duk bakaniken da ke da tsohon dashbod a garejinsa yana zaune ne kan kayan karatu.

Na san abin da za a ce: ina kwamfutar, ina wutar? Gaskiya ne, manyan manhajojin nan suna son kwamfuta mai ƙarfi, kuma ba kowane gida ke da ita ba. Amma matakin farko bai buƙace ta ba. A shafin Wokwi za ka iya haɗa Arduino da sarbo na kwaikwayo kyauta, ka gwada kafin ka kashe ko sisi. Da manhajar ArduinoDroid da kebul ɗin OTG kana iya loda umarni daga wayar Android, fawabank kuma ya wadatar da sarbo guda. Kwamfutar kuwa, abokai huɗu na iya taruwa a kan guda ɗaya.

Wasu za su ce wasan yara ne, wa zai ci abinci da shi? Matuƙan da ake horarwa a Kwalejin Fasahar Jiragen Sama ta Zariya, wadda aka kafa a 1964, su ma suna zama a na'urar kwaikwayo, kuma wani ne ke kula da ita idan ta lalace. Ko ka ajiye maganar jirgi gefe, hannun da ya iya mayar da lamba ta zama motsin allura shi ne zai haɗa gejin ruwan tankin burtsatse, ko na cajin batirin sola, ko na zafin injin ƙyanƙyasar ƙwai. Waɗannan kuwa kasuwarsu tana nan a ƙofar gidanmu.

Saboda haka kuɗin datar da za ka ƙona kana kallon jiragen wasu a wannan wata, rage wani abu ka sayi sarbo guda. Zana fuskar geji a kwali, ka rubuta babu, rabi, cike. Ranar da allurarka ta tsaya daidai inda ka umarce ta sau goma a jere, sannan ka fara tunanin fukafuki.