Ba da Gora Ake Fara Raba Faɗa Ba

Duk daren da Real Madrid za ta kara da Barcelona, ko ake buga Gasar Zakarun Turai da ƙarfe takwas ko tara na dare, gidajen kallon ƙwallo kan cika maƙil. Haka ma zaurukan biki a daren dina. A irin wannan cunkoso, gori ɗaya ya isa ya tayar da faɗa, kuma nan ake gane mai tsaron da ya san aikinsa.

A ganinmu, ido ne makaminsa na farko. Faɗa ba ya faɗowa daga sama: murya kan ɗaga, a miƙe tsaye, a fara nuna juna da yatsa. Wanda ya iso a wannan gaɓa ya ja mutum gefe da "Haba ɗan'uwa, zo mu yi magana," ya kashe wutar tun tana hayaƙi.

In kuwa har an kaure, akwai tsari. A kunna fitilu, a kashe kiɗa ko talabijin domin a ji umarni. Masu tsaro su shiga su biyu ko fiye, kowa ya janye mutum ɗaya zuwa ɓangare daban. A kawar da kwalabe da kujeru, a bar ƙofa a buɗe don kada a tattake juna. Kada a shaƙe wuya ko a danne ƙirjin wanda ke ƙasa, domin numfashi kan ɗauke cikin 'yan mintoci. Kada kuma a kori abokan faɗa waje lokaci guda, sai su ƙarasa a titi. Da zarar an zaro wuƙa, maganar ta koma ta 'yan sanda: a kira 112.

Mai tsaron da ya fara da duka ya zama mutum na uku a faɗan, kuma abokan wanda ya daka ba za su tsaya kallo ba.

Mu ma 'yan kallo muna da laifi. Zagaye masu faɗa da ihu da ɗaga waya yana hana kowannensu ja da baya, saboda kunyar idon jama'a. Mu matsa, mu ba masu tsaro hanya.

Shugabannin ɗalibai, wannan darasi naku ne a layin abinci da filin wasa. Malamanmu kuma muna roƙon ku koya musu raba faɗa kafin ku damƙa musu muƙami.

Ƙungiyar 'Yan Jarida ta Makaranta