RA'AYINMU: Na'ura Ta Iso Gona, Amma Da Wane Irin Ciniki?



Duk wanda ya bi hanyar Zariya daga Kano ya ratsa Kura zuwa Kadawa a tsakiyar rani, ya ga gonakin shinkafa da alkama da tumatir sun yi kore shar alhali ƙasar da ke kewaye ta bushe ƙurmus, ya san abin da fasaha ke iya yi idan Allah Ya sanya mata albarka. Wannan ruwa daga madatsar Tiga yake gangarowa, wadda aka kammala a 1974 zamanin Gwamna Audu Bako, yana bin magudanan da aka haƙa har ya shiga gonakin Kura da Bunkure da Garun Malam, a ƙarƙashin kulawar Hukumar Raya Kogunan Hadeja da Jama'are. Saboda haka babu wanda zai koya wa manomin wannan yanki amfanin sabon abu. Kakansa da jigo ya yi ban ruwa, mahaifinsa ya karɓi injin fetur da rijiyar burtsatse lokacin shirin fadama na shekarun 1990, shi kuwa ga shi yau yana neman farantin sola.

Dalilin neman nasa a fili yake. Ranar 29 ga Mayu, 2023, aka janye tallafin man fetur, litar da ba ta kai naira 200 ba ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta wuce 1,000. Wanda gonarsa ke bakin magudana bai ji zafin sosai ba, domin ruwa da kansa yake malalowa. Amma wanda ke can ƙarshen layi inda ruwan ba ya isa, da wanda ke noma a gaɓar kogin Kano ko Challawa, dole ya tayar da inji, inji kuwa ba ya shan alkawari. Famfon da ke aiki da hasken rana ba ya neman ko ɗigon mai. A Janairun 2023 ne ma aka ƙaddamar da tashar lantarki ta hasken rana mai ƙarfin megawat 10 a yankin masana'antu na Challawa, cikin ƙaramar hukumar Kumbotso. Rana dai ga ta nan, ni'ima ce da ba ta taɓa yi wa ƙasar Kano ƙaranci ba.

To, ina matsalar take? Tana wajen kuɗin farko. Injin fetur yana da araha wajen saye, tsada wajen riƙo. Na sola kuwa akasin haka ne, sai an zube kuɗi masu yawa lokaci guda, sa'an nan a huta shekaru. Mai hali ya saya ya huta. Talaka mai kadada ɗaya ko rabi ba shi da abin zubewa, sai dai ya ci bashi. A nan ne fasaha ta biyu ta same shi, wato wayar da ke aljihunsa.

Ba mu manta da farkon 2023 ba, lokacin da sauya fasalin naira ya ɗauke takardun kuɗi daga hannun jama'a. Tumatir ba ya jiran layin banki. Manomi ya kai kwandunansa Kwanar Gafan, mai saye ba shi da tsaba, sai ko dai ya karɓi taransifa ko ya zuba ido kayansa su ruɓe. Matan da ke turara shinkafa a Kura, waɗanda da yawansu ba su taɓa taka ƙofar banki ba, tilas ta sa suka buɗe asusu a waya ko suka jingina da na 'ya'yansu. Daga nan OPay da Moniepoint da PalmPay suka zama sunayen da kowa ya sani, mai POS kuma ya samu gurbi a kowace kasuwar ƙauye kusa da mai shayi. Alal haƙiƙa akwai alheri a ciki: ɗan kasuwa ya daina ɗaukar jakar kuɗi a hanyar da ba ta da tsaro, manomi kuma yana iya jin farashin Dawanau ko na Mile 12 ta Ikko kafin dillali ya buɗe baki.

Sai dai ta ƙofar da ciniki ya shigo, ta nan bashi ya biyo. Akwai manhajoji da yawa da ke tallar rance cikin minti biyar, babu jingina, babu shaida, sai dai mutum ya danna inda aka rubuta ya yarda da sharuɗɗan da ke cikin Turancin da ko lauya sai ya gyara zama. Kuɗin ruwan yana tafiya da kwanaki, idan aka yi jinkiri ya ninka, wasu ma sukan bi lambobin da ke cikin wayar mutum su tona masa asiri ga dangi da surukai, abin da ya sa hukumar tarayya mai kare haƙƙin masu saye ta fara rufe wasunsu a 2022. Wani abin lura: Bahaushe da kalma ɗaya yake kiran ribar ciniki da Allah Ya halatta da ribar bashi da Ya haramta, masu talla kuwa sun iya fakewa a wannan inuwa. Da can mai ba da bashi da ruwa sananne ne a gari, ana jin kunyar a gan ka a ƙofar gidansa. Yanzu yana cikin aljihu, da tsakar dare ma yana amsawa.

Ya ku 'yan'uwa, laifin ba na na'ura ba ne. Asalin abubuwan amfani halacci ne, kuma ba mu ga dalilin da zai sa a ƙyamaci farantin sola ko kuɗin waya ba. Abin dubawa shi ne ƙulla cinikin da ya kawo na'urar gona. A nan muke ganin gazawarmu a matsayin al'umma, musamman malamai. An iya hawa mumbari a ce riba haramun ce, kuma gaskiya ne. Amma manomin da shukarsa ke neman ruwa jibi, idan ya sauko daga masallaci, ina zai nufa? Hani ba tare da nuna mafita ba shi ke tura mutanen kirki ga abin da zuciyarsu ke ƙi.

Mafitar kuwa tana cikin littattafan da muke karantarwa kullum. Babin salam ba don ado aka rubuta shi ba: mai kuɗi ya biya manomi farashi cikakke yau, a kan buhunan shinkafa masu sanannen awo da siffa da za a kawo a sanannen lokaci. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya tarar da mutanen Madina suna irin wannan ciniki a kan dabino, bai hana ba, sai ya gindaya masa waɗannan sharuɗɗa. Ga kuma murabaha, inda mai jari zai sayi famfon ya mallake shi, sa'an nan ya sayar wa manomi a kan farashi guda da aka yanke, a biya kaɗan-kaɗan, ba ya ƙaruwa don an yi jinkiri. Ga ijara, a ba da hayar injin na kaka ɗaya. Bankin Jaiz ya fara aiki tun 2012, kuma Kano na cikin garuruwan da ya fara buɗe reshe, bankin TAJ ya biyo baya a 2019. Muna tambaya: tsakanin waɗannan ofisoshi na birni da gonar Bunkure, tafiyar da ba ta kai awa guda ba, wa ya ɗauki nauyin haɗa su? Idan mai cin riba ya iya kai hajarsa cikin waya da Hausa mai daɗi, me ya hana mai halas?

Akwai kuma mas'alolin da na'urar ta taso da su waɗanda ke jiran malamai su zauna. Sananne ne cewa amfanin gonar da ruwan sama ko kogi ya shayar ana fitar masa da zakka ɗaya cikin goma, wanda aka shayar da wahala da kashe dukiya kuwa ɗaya cikin ashirin. Injin fetur babu saɓani a kansa. To, famfon sola fa, wanda aka kashe kuɗi sau ɗaya, daga nan ruwa ya yi ta zuba kyauta? Mu dai muna karkata ga cewa hukuncinsa na inji ne, tun da ba don na'urar ba ruwan ba zai hau gona ba. Amma wannan magana ce ta haƙƙin miskinai, bai kamata a bar kowane manomi ya yanke wa kansa ba. Haka nan batun maƙwabtaka. Tsadar mai ita ce ta kasance linzamin mai inji, yana kashewa da zarar gona ta ƙoshi. Wanda ba ya biyan komai zai iya barin famfo yana zuba tun hantsi har la'asar, rijiyar maƙwabcinsa da ba ta kai tasa zurfi ba ta ƙafe. Mutanen Hadeja da Nguru sun daɗe suna kokawa a kan yadda madatsun sama suka sauya musu tafiyar ruwa. Kada mu maimaita irin wannan tsakanin gona da gona.

Bankin Duniya ya amince da shirin TRIMING a 2014, aka gyara magudanan wannan yanki, aka kuma ƙarfafa ƙungiyoyin masu amfani da ruwa domin su riƙa kula da rabonsa da tara kuɗin gyara. Ga tsari nan a ƙasa, da shugabanni da rajistar membobi. Muna kira ga rassanmu na Kumbotso da Kura da Bunkure da Garun Malam su zauna da waɗannan ƙungiyoyi kafin shukar rani mai zuwa, su gayyato attajiran da ke sayen shinkafar yankin da wakilan bankunan da ba sa mu'amala da kuɗin ruwa. A rubuta takardar salam da ta murabaha da Hausa, a boko da ajami, shafi ɗaya kacal, malamai su duba ta, a karanta wa manomi a gaban shaidu biyu kafin ya sa hannu. A kowane reshe kuma a ware matasa biyu ko uku da suka san waya, waɗanda duk wanda aka tura wa tayin rance zai iya kai musu su fassara masa abin da ke ciki kafin ya danna.